TARIHIN LIKITA KAHAL, MUTUMIN SIFEN DA YA GANO TATTALIN ƘWAƘWALWA

Ran 1 ga watan Mayu, 1852, aka haifi Santiyago Ramon Kahal a wani ɗan ƙauye wai shi Petilla, can cikin duwatsun arewacin ƙasar Sifen. Mutanen ƙasarsu suna rubuta sunan nan Cajal, amma Kahal su ke faɗi, mu ma haka za mu kira shi. Shi ne ya fara bayyana wa likitocin duniya irin saƙar da ke cikin ƙwaƙwalwa, shi ne kuma ya lura da cewa nisa yana da tsada cikin kan mutum kamar yadda ya ke da ita a bayan ƙasa.

Ubansa, Justo Ramon, ɗan talakawa ne. Ya yi barantaka wurin wani likitan ƙauye, ya koyi ƙaramar fiɗa irin ta wanzamai, sa'an nan ya bi karatu da ƙarfin hali har ya zama cikakken likita. Mutum ne mai tsanani, ya kuwa ƙudura a ransa lalle ɗansa sai ya gaje shi. Shi kuwa yaron ya tashi da ƙiriniya, ba abin da ya ke so kamar zane. In ya sami farin bango da guntun gawayi, to, kafin a ankara ya cika shi da dawakai da mayaƙa. Uban yana ganin wannan aikin banza ne, ya yi ta ƙwace masa takardu da alƙaluma. Yana da shekara 11 ya haɗa igwa da gungume da albarushi, ya gwada ta a ƙofar wani maƙwabcinsu, ƙofa ta tarwatse. Aka kulle shi gidan waƙafi 'yan kwanaki, uban ko roƙa masa bai yi ba. Tun kafin wannan an kai shi makarantar malaman kirista a garin Jaca, suka yi ta dukansa suna hana shi abinci, bai shiryu ba. Da abin ya ishi uban, sai ya cire shi daga makaranta ya danƙa shi ga wani wanzami, daga baya kuma ga mai ɗinkin takalma. Nan fa ya gwane ƙwarai, har maigidan ya so ya riƙe shi.

Abin da duka ya kasa, ƙashi ya yi shi. Cikin 1868 uban ya fara koya masa sassan jikin mutum da kansa. Ba su da kayan koyo, saboda haka suka riƙa zuwa wata tsohuwar maƙabarta suna tsintar ƙasusuwan da suka tonu, abin da mu kam ba mu jin daɗin faɗarsa. Yaron ya zauna yana zana kowane ƙashi da ramukansa da tudunsa. Uban ya duba, ya ga ashe abin nan da ya ke hanawa shi ne zai yi amfani. Daga nan suka shirya. Kahal ya shiga makarantar likita ta Saragosa, garin da Larabawa ke kira Sarakusɗa zamanin Andalus, ya fita cikin 1873.

Aka ɗauke shi likitan soja, cikin 1874 aka tura shi tsibirin Kyuba, inda Sifen ke yaƙi da masu neman 'yancin kansu. Aka ajiye shi wani asibitin daji cikin fadama. Ya yi ta rigima da waɗansu hafsoshi da masu dafa abinci kan satar abincin majinyata, zazzaɓin cizon sauro da atuni kuma suka kama shi, ya komo gida cikin 1875 ƙashi da fata. Da 'yan kuɗin da suka rage masa na aikin soja ya sayi madubin likita, watau madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa, cikin 1877, yana biya kaɗan kaɗan. Cikin 1879 ya auri Silveria Fañanás, suka haifi 'ya'ya 7. Matar nan ta yi haƙuri, don kuɗin gidan da yawa kan tafi wajen gilasai da magungunan rini da kuɗin ɗab'i. Cikin 1883 ya zama babban malamin ilmin sassan jiki a jami'ar Balensiya. Da annobar kwalara ta faɗa wa garin cikin 1885 ya yi bincike a kanta, hukumar lardin Saragosa ta saka masa da sabon madubi ƙirar Jamus, wanda ya fi nasa nesa ba kusa ba.

To, sai mu tsaya mu ga inda ilmin ƙwaƙwalwa ya tsaya a lokacin nan. Likitoci sun riga sun san kowane nama na jiki an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kowace tana zaman kanta, kamar tubala a jikin bango. Amma ƙwaƙwalwa ta gagare su. In an yanko ta aka sa ƙarƙashin madubi, ba a ganin kome sai zaruruwa a cukurkuɗe. Saboda haka yawancin manyan malamai suka tsaya a kan cewa zaruruwan nan duk a haɗe su ke, raga guda ce kamar komar masunta, ba farko ba ƙarshe. Cikin 1873 wani likitan Italiya, Kamilo Golji, ya gano wani irin rini a ɗakin girkin asibitin da ya ke aiki. A kan jiƙa guntun ƙwaƙwalwa cikin wani magani ya yi tauri, kana a tsoma shi cikin ruwan gishirin azurfa. Abin mamakin rinin nan, ba ya kama ƙwayoyin duka. Sai ya zaɓi 'yan kaɗan ya baƙanta su ƙirin tun daga gindi har ƙarshen rassa, ya bar sauran fes, kamar a share kurmi a bar itace ɗaya ɗaya. Amma rinin yana da gardama, yau ya kama gobe ya ƙi, don haka mutane ba su kula da shi sosai ba.

Cikin 1887 Kahal ya je Madrid, wani likita, Luis Simarro, ya nuna masa gilasan da aka rina ta wannan hanya. A shekarar nan aka komar da shi jami'ar Basalona, ya shiga aiki ba dare ba rana. Dabara biyu ya ƙara. Ta farko, ya riƙa tsoma naman sau biyu, rinin ya daina gardama. Ta biyu ita ce babba. Maimakon ƙwaƙwalwar babban mutum, sai ya koma ga 'yan tsaki tun suna cikin ƙwai, da 'ya'yan tsuntsaye da na ɓeraye. A cikinsu zaruruwan ba su yi tsawo ba tukuna, kitsen da ke naɗe su yana hana rini shiga bai kuma fito ba, saboda haka ana iya bin zare guda daga inda ya tashi har inda ya tsaya. Cikin 1888 ya ga abin da ya ke nema a ƙwaƙwalwar tsuntsu. Zaren wannan ƙwaya ya kan je ya rungumi waccan, ya tsaya nan, ba ya narkewa cikinta. Kowace ƙwaya tana da gangar jikinta, da gajerun rassa masu karɓar saƙo, da zare guda mai fitar da shi.

Ya buga abin da ya gani cikin wata mujalla da ya kafa da kuɗin aljihunsa, kofe 60, ya aika wa malaman ƙasashen waje. Shiru. Sifen a lokacin nan ba a lissafa ta cikin ƙasashen ilmi, ba kuwa mai jin harshenta cikin manyan likitocin Jamus. Da ya ga takarda ba ta isar da saƙo, sai ya tattara 'yan kuɗinsa ya ɗauki madubinsa da gilasansa, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Balin cikin Oktoba, 1889, wurin taron masanan sassan jiki. Ya kafa madubi a gefe guda, ya je ya jawo hannun tsohon da ya fi kowa girma a wurin, Albat Kolika, mai shekara 72. Tsohon ya duba, ya sāke dubawa, ya gamsu. Ya ɗauki Kahal ya kai shi masaukinsa ya yi masa liyafa, daga baya har ya koyi harshen Sifen don ya karanta littattafansa. Cikin 1892 aka ba Kahal kujerar malanta a Madrid, nan ya zauna har ƙarshen ransa.

Ga inda zancen nisa ya shigo. In da ƙwaƙwalwa raga guda ce, da ba sauran tambayar wa ke haɗe da wa, kowa na haɗe da kowa. Amma tun da kowace ƙwaya zaman kanta ta ke, ashe duk inda biyu za su yi magana sai an ja zare daga wannan zuwa waccan, zare kuwa yana da tsawo, tsawo kuma yana da kuɗi. Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin kuɗin gina hanya ya san kowane mil da abin da ya ke ci. Malaman makaranta su gwada wa yara wannan lissafi: in ana so a haɗa garuruwa 10, kowane da kowane da hanyarsa ta kansa, sai an gina hanya 45. In garuruwan 100 ne, hanya 4,950. In 1,000 ne, hanya 499,500. To, ƙwayoyin jijiya da ke cikin ƙwaƙwalwar mutum wajen biliyan 86 ne, watau miliyan dubu 86. Ba ƙoƙon kan da zai ɗauki zaren da zai haɗa su duka. Tilas kowace ta zaɓi 'yan dubbai ta yi hulɗa da su, ta bar sauran.

Kahal bai san wannan adadi ba, sai cikin 2009 aka ƙidaya shi sosai. Amma ya zana ƙwayoyi dubbai na kifi da kwaɗo da ƙadangare da tsuntsu da mutum, ya yi ta tambayar kansa abin da ya sa kowace ta ɗauki siffar da ta ɗauka. Cikin 1897 ya buga amsarsa. Ya nuna siffofin nan duka suna bin ƙa'idar tattali ta fuska uku, tattalin lokaci, da na kayan gini, da na wuri.

Misalin da ya fi ƙarfafa shi yana gefen laka. Akwai waɗansu ƙwayoyi a jere kusa da ƙashin baya, su ke ɗauko labarin zafi da sanyi da taɓawa daga fata su kai laka. A jikin yawancin kifaye, da kuma jikin ɗan tayi, ƙwayar nan tana zaune ne a tsakiyar hanya, zare ya shigo ta wannan gefe, wani ya fita ta wancan. Amma a jikin dabbar da ta girma, sai gangar ƙwayar ta janye gefe guda ta rataya da ɗan wuya, zaruruwan biyu su haɗu su miƙe sak. Kahal ya ce dalili shi ne kada manzo ya tsaya gaisuwa a zaure, ya wuce kai tsaye da saƙonsa. Ya kuma sami waɗansu ƙwayoyi a sashen gani na ƙwaƙwalwar tsuntsaye, waɗanda zarensu ba ya fita daga gangar jiki yadda aka saba. Daga jikin reshe ya ke tsirowa, can sama, ya lanƙwasa kamar kan sandar makiyayi. Da ya bi hanyar, sai ya ga in da zaren ya fito daga gindi, da sai saƙo ya gangara sa'an nan ya sāke hawa, tafiya biyu a banza. Haka kuma ya lura dogayen zaruruwa su kan bi miƙaƙƙiyar hanya a dami a dami, gangar ƙwayoyi kuwa su kan raɓa inda ya rage da fili.

Wani abin da ya gani ya fi waɗannan nisa. A ɓawon ƙwaƙwalwa, watau toka-tokan nan na sama mai lanƙwashe-lanƙwashe, ya sami ƙwayoyi masu gajeren zare da yawan gaske, waɗanda ba su aika saƙo ko'ina sai ga maƙwabtansu. Ya ga sun fi yawa ga mutum bisa ga ɓera ko zomo, har ya yi zaton nan fifikon hankalin ɗan Adam ya ke. Wannan zato nasa har yanzu ana gardama a kansa. Amma cewa yawancin maganar ƙwaƙwalwa tsakanin maƙwabta a ke yinta, wannan ya tabbata. Zumunta a ƙafa ta ke, in ji Hausawa, ƙwayar jijiya ma wanda ƙafarta ta kai gare shi ta fi sani.

Dukan wannan ya tattara cikin babban littafinsa na saƙar jijiyoyin mutum da dabbobi, wanda ya fito kashi kashi daga 1899 zuwa 1904, aka juya shi da Faransanci tsakanin 1909 da 1911. Cikin 1906 aka ba shi kyautar Nobel, aka raba ta tsakaninsa da Golji. Ba su taɓa haɗuwa ba sai a wurin karɓar kyautar a ƙasar Suwidin. Golji ya tashi gaban jama'a ya yi lacca yana rushe maganar zaman kan ƙwayoyi, yana kāre tsohuwar maganar raga, Kahal na zaune yana ji. Kashegari shi kuma ya kawo hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya. A ganinmu Golji bai kyauta ba, ko da ya ke ba don rininsa ba da Kahal bai ga kome ba. Ba a yanke gardamar nan sarai ba sai wajen 1954 da 1955, sa'ad da aka sami madubi mai aiki da lantarki, aka ga ɗan ratar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Ratar wajen kashi ɗaya ce cikin 50,000 na milimita.

Ƙa'idar tattali kuwa ta daɗe a kwance, don a zamaninsa ba yadda za a auna ta. Waɗanda suka zo daga baya su suka sa mata lissafi. An san saƙo cikin siririn zare marar kitse ba ya wuce mita 1 ko 2 a daƙiƙa, cikin kakkaura mai kitse kuwa ya kan haura mita 100. Amma in ana so a ninka saurin zare mai kitse sau biyu, sai an ninka kaurinsa sau biyu, wurin da zai ci kuwa ya ninku sau huɗu. Watau dogon zare ko dai ya yi jinkiri ko ya cinye wuri. Ga kuma ci: ƙwaƙwalwa kashi 2 ce cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Shi ya sa farin sashen nan na cikin ƙwaƙwalwa, wanda ba kome ba ne sai dogayen zaruruwa da kitsensu, ɗan kaɗan ne ga ɓera, amma ga mutum ya tasam ma rabi.

Cikin 2013 waɗansu masana, da Henry Kennedy na birnin Liyon a Faransa cikinsu, suka buga awon da suka yi a ƙwaƙwalwar biri. Sun raba ɓawonta yanki 91, suka ɗura rini mai bin zare a yanki 29, suka ƙidaya ƙwayoyin da ke aiko da saƙo daga kowane wuri. Suka tarar wajen kashi 80 cikin 100 daga cikin yankin kansa su ke. Sauran kuwa, yawan zaruruwa yana raguwa da rabi duk bayan kusan milimita 4, abin da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. In an sami zare 1,000 a nan kusa, a ƙara milimita 4 sai 500, a ƙara wata 4 sai 250, kafin a kai milimita 40 da ƙyar a sami ɗaya. Cikin 2016 aka sami irin wannan ƙa'ida a ƙwaƙwalwar ɓera.

Amma fa tattali ba rowa ba ne, nan kuwa wajibi ne a yi wa maganar Kahal ƙari. Cikin 2006 Marcus Kaiser da Claus Hilgetag suka gwada da kwamfuta, suka ga in da za a sāke wa yankunan ƙwaƙwalwar biri wurin zama, ana iya rage jimlar tsawon zare da kusan sulusi. Ashe ƙwaƙwalwa ba ta bin mafi araha ɗungum. Tana biyan kuɗin waɗansu dogayen hanyoyi da gangan, don in babu su sai saƙo ya yi ta zango daga maƙwabci zuwa maƙwabci, ya isa a makare, ya kuma isa a gurɓace, kamar labarin da ya bi bakuna goma. Amfaninsu ya fito fili cikin 1962 da shekarun da suka biyo, sa'ad da likitoci a Kalifoniya ta Amurka suka yanke wa waɗansu masu matsananciyar farfaɗiya damin da ke haɗa ɓarin dama da na hagun na ƙwaƙwalwa, mai zare wajen miliyan 200. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, mutanen kuma ka gan su lafiya lau. Amma Roger Sperry da Michael Gazzaniga suka gwada su, suka ga in an sa wa mutum cokali a hannun hagun inda ba ya ganinsa, ba ya iya faɗin sunansa, alhali kuwa yana iya laluben sa ya fitar da shi daga cikin tarkace. Hannun hagun ɓarin dama ya ke kai wa labari, magana kuwa ga yawancin mutane a ɓarin hagun ta ke, ga gada an datse.

Mu koma ga mutumin. Gwamnatin Sifen ta so ta ba shi ministan ilmi, ya ƙi. Abin da ya karɓa shi ne shugabancin hukumar da aka kafa cikin 1907 don aika samarin ƙasar karatu ƙasashen waje, ya riƙe ta har mutuwarsa, don bai manta da yadda takardunsa suka kwanta ba mai karantawa ba. Ya yi bincike mai yawa kan yadda jijiya ke tsirowa in an yanke ta, ya rubuta tarihin kansa, da littafin nasiha ga masu fara bincike, da wani kan ɗaukar hoto mai launi. Ya bar koyarwa cikin 1922 yana da shekara 70. Kunnensa ya yi nauyi, ya rage shiga jama'a. Matarsa ta rasu cikin 1930. Cikin 1933, da ya ga waɗansu suna neman ta da maganar raga, ya sāke ɗaukar alƙalami ya tara hujjojinsa na shekara 45 wuri guda. Ya mutu a Madrid ran 17 ga Oktoba, 1934, yana da shekara 82, aka binne shi kusa da matarsa.

Shekara biyu bayan haka yaƙin basasa ya tashi a Sifen, almajiransa suka watse, waɗansu aka kore su daga aiki, waɗansu suka yi hijira. Ɗaya daga cikin manyansu, Pío del Río Hortega, a Ajantina ya mutu cikin 1945. Zane-zanen Kahal kuwa sun tsira, kusan 3,000, suna Madrid tare da gilasansa da madubansa, cikin 2017 kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya da a ke kiyayewa. Har yanzu ana buga waɗansunsu cikin littattafan da a ke koya wa likitoci da su, da 'yan kibiyoyin da ya zana da hannunsa a gefen kowane zare don nuna inda saƙo ya nufa.